Maganin Hana Ɗaukar Ciki Na Gaggawa: Kada A Bari Kwana Uku Su Wuce

Jama'a, akwai maganin da mace za ta sha bayan saduwa ya hana ciki shiga, in dai an hanzarta. Masu bukatarsa suna da yawa: matar da ta manta ƙwayoyinta na tazarar haihuwa, da wadda lokacin allurarta ya wuce, da wadda kwaroron roba ya fashe wa mijinta, da kuma yarinya ko matar da aka yi wa fyaɗe.

Ga yadda yake aiki. Maniyyi yakan rayu har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai. Ƙwayar maganin takan jinkirta fitowar ƙwan, har maniyyin ya mutu ba su haɗu ba. Saboda haka ba maganin zubar da ciki ba ne. Idan ciki ya riga ya shiga, ba zai fitar da shi ba, ba kuwa zai cuci ɗan tayi ba. Ba ya kuma hana mace haihuwa nan gaba.

Wanda aka fi samu a Nijeriya shi ne mai sinadarin levonorgestrel, irin su Postinor-2 mai ƙwaya biyu, waɗanda ake iya haɗiyewa tare a lokaci guda. A sha cikin awa 72, wato kwana 3, amma na ranar farko ya fi na rana ta uku ƙarfi. Wani iri mai suna ulipristal yana kaiwa awa 120. Abin da ya fi su duka tabbaci shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ungozoma ko likita kan sa cikin kwana 5, tana kuwa hana ciki ga mata fiye da 99 cikin 100.

To, a nan nisa yake shiga maganar. Matar da ke cikin garin Gashua tana da asibitin gwamnati da manyan kemis kusa da ita, ta Nguru kuma ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Amma wadda ke ƙauyukan Jakusko, ko Karasuwa, ko Yusufari, in ta ce sai ranar kasuwa za ta shigo gari, lokacin na iya ƙwace mata, balle da damina, sa'ad da kogin Yobe kan cika ya yanke hanyoyi. A fara tambaya a ɗakin shan magani mafi kusa. In babu, maigida ko 'yar'uwa su hau babur ran nan su sayo. Kunya abu ce mai kyau, amma a wannan wuri ba ta da rana.

A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani a jikin kwali, gama an sha kama jabun Postinor-2 a ƙasar nan. Kada a saya a faranti a bakin tasha. Jiƙon kanwa, da ruwan gishiri, da lemon tsami, da kafso, da wanke gaba, duk ba su hana ciki. A yankin da ciwon ƙoda ya riga ya dami jama'a kamar Bade, shan irin waɗannan haɗe-haɗe neman wata wahala ne.

Bayan an sha, akan ji tashin zuciya ko ciwon kai, sukan wuce. Wadda ta yi amai cikin awa 2 sai ta sake sha. Haila na iya zuwa da wuri ko ta makara. In ta makara fiye da mako guda, a yi gwajin fitsari. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta gaya wa malamin asibiti, don waɗansunsu suna rage ƙarfin ƙwayar. Ba ta kuma kāre saduwar da za a yi bayan an sha ta, don haka mai son tazara ta nemi hanya ta dindindin a sashen awon mata.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, iyaye su kai ta asibiti nan take, kada a tsaya sasantawa a zaure. Ƙwayar nan ba ta hana kamuwa da cutar ƙanjamau. Akwai wani magani dabam domin wannan, wanda ake farawa cikin awa 72, a kuma sha shi kullum har kwana 28.