Masu Haɗa Kwamfutar Wasa: Sana'ar da Ake Farawa da Awo

Wanda ya je sayen kwamfutar ofis, a haɗe ake miƙo masa ita cikin kwali, ya kai gida ya jona. Kwamfutar wasa kuwa gaɓa-gaɓa ake sayenta: akwati daban, madabod daban, furosesa, ram, ma'ajiyar bayanai, na'urar rarraba wuta, sannan katin hoto, wanda shi kaɗai yakan cinye kashi ɗaya bisa uku ko ma rabin kuɗin aikin. Dole a samu wanda zai zaɓi waɗannan gaɓoɓi, ya tabbatar sun dace da juna, ya ɗaure su. Daga nan wannan sana'a ta samu gindin zama. A Kano za ka tarar da masu yinta a shagunan Titin Beirut da kewayen Farm Centre, a Abuja kuma a Banex, kayan aikinsu na zuwa daga Computer Village da ke Ikeja, ko a yo odarsu daga Dubai da China.

Yawancinsu daga gyara suka faro. Yaro ya zo koyo, a fara ba shi hura ƙura da kwance noti, daga baya a bar shi ya sa Windows, ya canza ram, ya shafa man sanyaya furosesa. Kafin oga ya yarda ya damƙa masa katin hoto na ɗaruruwan dubban naira, sai ya daɗe yana kallon hannunsa. Ɗaurin kansa bai da wuya ƙwarai, domin tun 1995 kamfanin Intel ya fitar da ma'aunin ATX wanda ya tsara inda ramukan noti za su zauna da yadda wayoyin wuta za su shiga, har yau kuma a kansa ake tafiya. Wahalar tana wajen zaɓe. Nan ne ake gane gwani da mai tallar kaya kawai.

Gwani ba ya fara magana da farashi. Idan mai saye ya zauna, tambayoyi yake jerowa: wane wasa kake bugawa, wane irin sikirin gare ka, ɗakin da za ka ajiye ta akwai na'urar sanyaya iska ko fanka ce kawai, wutarku awa nawa take yi a rana, da inji kuke amfani ko da inbata? Saurayin da ya shigo da hoton wata kwamfuta mai walƙiya a wayarsa yakan ƙosa da waɗannan tambayoyi. Amma amsoshinsu ne suke yanke hukunci a kan katin da za a saya. Sikirin mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Na 4K, mai 3840 da 2160, ya ninka wannan sau huɗu, kuma kowane ɗigo sai kati ya zana shi aƙalla sau 60 a daƙiƙa kafin wasa ya yi santsi. Wanda ƙwallo yake bugawa, eFootball ko EA Sports FC, ko GTA V da ya fito a kwamfuta tun 2015, a kan sikirin na 1080, kati matsakaici ya ishe shi har ya yi saura. Sayar masa da babban kati cin amana ne, ko da shi da bakinsa ya nema.

Kamfanoni uku ne ke tsara ƙwaƙwalwar waɗannan katuna. Nvidia ta Amurka, wadda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a 1993, ita ce ta mamaye kasuwa da jerin GeForce, wanda ya fara fitowa a 1999. Sai AMD, da ta sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006 ta gaji jerin Radeon. Intel ta shigo da Arc a 2022. Mafi yawan ƙwaƙwalen a Taiwan ake buga su, a masana'antar TSMC, sannan kamfanoni irin su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac da Sapphire su ɗora su a kan nasu allon, su sa nasu fankoki. Shi ya sa za ka ga kati mai suna ɗaya amma tsawo daban-daban, wani mai fanka biyu, wani uku. Wannan bambancin ne yake haɗa zancen kati da zancen akwati, har ba a iya raba su.

Mai haɗa kwamfuta kamar tela yake, sai ya gwada kafin ya yanka. Madabod na ATX milimita 305 ne da 244, na micro-ATX 244 kowane gefe, ƙaramin cikinsu Mini-ITX 170, kuma kowane akwati yana da girman da yake ɗauka. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ba mutane kunya shi ne tsawon kati. RTX 4090 da Nvidia ta fitar a Oktoban 2022 tsawonsa milimita 304 ne a samfurin kamfanin kansa, ya toshe gurbi uku a bayan akwati, nauyinsa ya haura kilo 2, wasu samfuran abokan hulɗarta kuma sun wuce milimita 350. Idan aka sa tukunyar sanyaya ruwa a gaban akwati, ita da fankokinta za su ƙara cinye wajen santimita 5. Sai ka ga akwatin da takardarsa ta ce ya isa ya ƙi rufuwa. Faɗi ma yana da nasa lissafin. Dogon abin sanyaya furosesa irin Noctua NH-D15 milimita 165 ne, ba kowane akwati ne ke da wannan zurfin ba. Sabuwar wayar wuta mai baki 16 da manyan katuna ke amfani da ita kuma ba ta son a lanƙwasa ta dab da bakinta. An samu rahotannin narkewarta a kan RTX 4090, binciken da aka yi ya danganta da yawa daga ciki da rashin tura ta har ƙarshe. Don haka gwani yakan bar tazarar 'yan santimita tsakanin kati da murfin gefe, ya tura wayar har sai ya ji ta kama, sannan ya sa wa katin matokari a ƙasa don kada nauyinsa ya ja bakin madabod a hankali.

Yanzu ga inda nake ganin mai wannan sana'a a ƙasar Hausa ya fi takwaransa na Turai buƙatar basira. Bidiyon gwajin katuna da matasanmu ke kallo a YouTube, mafi yawansu a ɗakuna masu sanyin digiri 21 ko 22 ake yinsu. Kati ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki yake ja ya hura a kan ƙarfensa. Idan ɗakin ya fi na mai gwajin zafi da digiri 15, katin ma zai fi nasa zafi da kusan haka. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafin rana yana haura digiri 40, ɗakin da rufin kwano ke kansa kuwa ba a magana. Kati idan ya wuce digiri 80 da 'yan kai, da kansa yake rage gudu don ya tsira, fankokinsa su yi ta ƙara. Mutum ya biya kuɗin babban kati, yana samun aikin ƙarami.

Saboda haka akwatin da aka rufe gabansa da gilashi ko roba, iska na shiga ta 'yan tsaga a gefe, bai dace da mu ba komai kyansa. Wanda ya dace shi ne mai raga a gaba, da fanka biyu ko uku masu milimita 120 ko 140 suna jawo iska ciki, ɗaya a baya tana fitarwa. Masu sana'ar da suka san aikinsu suna sa iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita yawa. Dalilin ƙura ne. Idan mai fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace ƙofa da tsaga, inda babu matata. Idan mai shiga ta fi, sai iskar ta bi ta matatar gaba, ragowar kuma ta turo waje ta tsagogin. Wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi hunturu ɗaya a ɗakin da taga ke buɗe ya san abin da nake nufi: ƙura ta yi dabe a tsakanin ƙarafan kati har iska ba ta ratsawa. Matatar da ake zarewa a wanke a mayar ta fi fitilu masu launi bakwai amfani nesa ba kusa ba. Kuma a ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa kan kafet. Murfin gilashi, idan akwai, kada a dire shi a kan tayil, bakinsa na taɓa tayil da ƙarfi zai iya tarwatsewa gaba ɗaya.

Sai wuta. Ramin da kati ke shiga a madabod wat 75 kawai yake bayarwa, waya mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 ta ƙara 150. RTX 3060 yana cin wat 170, RTX 4060 na 2023 yana cin 115, RTX 4090 yana cin 450, RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 kuwa 575, har Nvidia ta ba da shawarar a haɗa shi da na'urar wuta mai wat 1,000. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kan kowane yunit. A wannan farashi, kwamfutar da ke jan wat 400, idan ana kunna ta awa 5 a rana, yunit 60 ne a wata, wato naira 13,500, ban da sikirin da fanka. Wanda ke kan inbata kuma baturinsa ne zai gaya masa. Shi ya sa a wajenmu katin da ke ba da aiki mai kyau da wuta kaɗan ya fi daraja, ko da wani ya ɗan fi shi gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zuba kuɗi a kati, a zo kan na'urar rarraba wuta a ce a sa ko wace iri ce. Wasu akwatunan masu araha da tasu suke zuwa, mara nauyi, an rubuta wat 500 a jikinta alhali ba ta iya ba da shi. Araha ba ta ado. Ranar da wuta ta yi tsalle, ko aka juya daga layi zuwa inji, ita ce za ta fara mutuwa, wani lokaci ta tafi da kati da madabod. Mai sana'a na kirki yakan nace a kan ta sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, da sarari sama da abin da kwamfutar ke ci, sannan a sa UPS a tsakani. Idan kuɗi bai kai ba, ya rage daga kati, ba ya rage daga nan.

Kuɗin kuwa sun yi wuya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Wannan ya tura kasuwa zuwa kayan hannu. A nan ma akwai tarihin da mai saye ya kamata ya sani. Daga 2020 zuwa 2022 masu haƙar kuɗin intanet sun kwashe katuna, suna kunna su dare da rana, sai a Satumban 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi, ta canza tsari ta daina buƙatarsu, katunan suka malalo kasuwannin duniya. RX 580 mai gigabait 8 yana cikin waɗanda aka fi yi wa wannan aiki. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man sanyayarsu ya bushe. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa bayanan ciki ya riƙa nuna sunan sabo. Mai gaskiya yakan jona kati a gaban mai saye, ya buɗe manhajar GPU-Z su ga ainihin ƙwaƙwalwar da ke ciki, ya sa masa nauyi da FurMark ko da wasa na rabin awa suna kallon zafinsa da sikirin ko zai fara zane-zane. Wanda ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, a bar masa kayansa.

Ga masu ƙaramin ƙarfi akwai wata hanya da masu sana'ar suka ƙware a kai: a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP, a ƙara mata ram, a sa mata kati irin GTX 1650 mai wat 75, samfurin da ba ya neman ƙarin waya. Sai dai ƙananan akwatunan ofis gajeren kati kawai suke ɗauka, na'urar wutarsu kuma sau da yawa ta kamfanin ce, ba a musanya ta da ta kasuwa. Dole a buɗe a auna kafin a biya.

Ba 'yan wasa kaɗai ke cin moriyar wannan sana'a ba. Masu tace finafinan Kannywood, masu zanen gine-gine da ɗaliban injiniya duk irin wannan kwamfutar suke buƙata, kuma su sun fi damuwa da yawan ma'ajiyar katin, gigabait 12 ko 16 maimakon 8. Su ne kwastomomin da ke dawowa, domin da ita suke cin abinci.

Idan za ka je a haɗa maka, tafi da sunan sikirinka da jerin wasannin da kake bugawa, ka faɗi gaskiyar wutar unguwarku. Ka nemi a nuna maka tsawon katin da sararin akwatin a rubuce, a gwada komai a gabanka, a ba ka rasit mai ɗauke da lambar kowace gaɓa. Bayan hunturu kuma ka mayar da ita a hure mata ƙura.