Me ya sa binciken da aka yi a Malumfashi ba ya komawa ga mutanen Malumfashi?

A shekarun 1970, masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da takwarorinsu na Liverpool a Ingila sun gudanar da dogon bincike a ƙauyukan Malumfashi. Sun ƙidaya jama'a, sun auna fitsarin yara don gano tsargiya, sun duba jini saboda zazzaɓin cizon sauro, sun kuma bi diddigin saran maciji da ke addabar manoma. An buga sakamakon kashi-kashi a mujallar Annals of Tropical Medicine and Parasitology. Jami'in lafiya na yankin da ke son karanta shi a yau zai tarar da shi cikin Turanci, a shafin kamfanin ɗab'i na ƙetare da ke neman kuɗi kafin ya buɗe.

Irin wannan gibi ne ya sa ƙasashen hukumar UNESCO suka amince, a watan Nuwamban 2021, da tsarin buɗe ilimin kimiyya ga kowa. Manufar ita ce binciken da aka yi da dukiyar jama'a ya zama kowa na iya karanta shi, tare da alƙaluman da aka dogara da su, domin wani masanin ya iya tantancewa.

Sai dai tushen matsalar yana cikin yadda ake yi wa malamin jami'a ƙarin girma. Abin da aka fi ƙirgawa shi ne yawan maƙalu da sunan mujallar da ta buga su. Masanin da ya shafe shekaru yana kyautata irin auduga a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko ya rubuta ƙasidar Hausa don malaman gona, aikinsa ba ya nauyi a wannan sikeli kamar maƙala guda a Turai. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta buƙaci a daina auna masani da sunan mujalla, a duba abin da aikin ya ƙunsa. Buɗewar ma da tata wahalar: mujallu da yawa da ake karantawa kyauta marubucin suke caza, da dala, abin da albashin malami a Najeriya ba ya ɗauka.

Ga manomin Funtuwa, maganar ta wuce takarda. A 2018 aka amince da noman audugar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ta jure tsutsa, a 2019 kuma aka fitar da waken SAMPEA 20-T, duk da hannun cibiyar Samaru. Hukumar da ke ba da izinin irin wannan fasaha an kafa ta a 2015. Har yanzu ana taƙaddama a kan waɗannan iri, kuma yawanci ji-ta-ji-ta ce ke riga sakamakon gwaji isa kasuwa. Wanda zai zuba jarin daminarsa yana da haƙƙin sanin inda aka gwada irin, da yawan amfanin da ya bayar a ƙasa irin tasa, da ko sai ya sake sayen iri baɗi. Dillalin da zai saya daga hannunsa ma haka.