Talaka Yana da Ƙofa a Kotu, Ƙungiyarsa Fa?

Wata safiya ina zaune a kan benci a ofishin magatakardar wata kotu, ina jiran a buga mini hatimi a takardar rantsuwa, sai ga wasu dattawa uku sun shigo, ƙurar hanya har a gashin girarsu. Daga wani ƙauye suke a ƙasar Zurmi. Na gaban yana rungume da baƙar leda, a ciki akwai littafin 'yan makaranta da suke rubuta karo-karo, da rasit biyu da suka sha ninki har rubutun ya fara gogewa. Su arba'in da 'yan kai suka haɗa kuɗin taki tun kafin ruwa ya sauka, suka danƙa wa wani dillali. Ga gero ya fitar da kai, babu taki babu kuɗi.

Magatakarda ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "To Baba, wa ke ƙara?"

"Ƙungiya."

"Tana da rajista?"

Dattijon ya zaro wata takarda mai tambarin ƙaramar hukuma ya miƙa da hannu biyu. Magatakarda ya duba gaba da baya ya mayar masa. "Baba, wannan ta ishe ku karɓar tallafi a sakatariya. Amma ba ita ke sa kotu ta san ƙungiya ba."

Dattijon ya yi shiru, ya dubi 'yan'uwansa. "To ɗana, mi za mu yi? Kuɗin ƙarar ma ba mu da su. Duk suna hannun mutumin."

Matsala biyu ce ta haɗe musu a wuri guda: abin da za a biya kafin a buɗe fayil, da kuma wanda doka ta yarda ya tsaya a gaban alƙali da sunan jama'a.

Biyan kuɗin ƙara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin En'e, kotunan alƙalai suna cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, daga bashin da aka ƙwato ko gadon da aka raba. Yau sunan ya sauya, kuɗin kuma sun rarrabu: na shigar da ƙara, na sammaci, na rantsuwa, na kwafin hukunci in za a ɗaukaka ƙara. A ƙarar neman kuɗi, abin da za a biya yakan hau gwargwadon abin da ake nema. Kowanne daga cikin waɗannan yana da rasit na gwamnati. Duk abin da aka karɓa ba rasit, ka kira shi da sunan da ka ga dama, amma ba kuɗin kotu ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwai hanyar neman a yafe. Lauyoyi suna kiranta da wani suna na Latin, "in forma pauperis", ma'ana mutum ya shiga shari'a a matsayin marar hali. Tsohuwar hanya ce: tun 1495, zamanin Sarki Henry na Bakwai, aka yi mata doka a Ingila, kuma ta biyo Turawa ta shiga dokokin tafiyar da shari'a na manyan kotunan ƙasar nan, har Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Mutum zai rubuta takardar roƙo, ya haɗa da rantsuwa a kan abin da ya mallaka da abin da yake samu. Alƙali zai duba abu biyu: da gaske ba shi da hali? Kuma ƙarar tasa tana da makama, ko neman fitina ne? In ya gamsu, yana iya yafe kuɗin duka ko wani sashe, har a haɗa mutum da lauyan da ba zai karɓi ko sisi a hannunsa ba. In daga baya ta bayyana ƙarya ya yi, a janye alfarmar. Abin takaici, da wuya ka ga an rubuta wannan bayani an manna a bangon ofishin magatakarda, ballantana da Hausa. Ƙofar da ba a nuna wa kowa ba, da ita da bango duk ɗaya.

Sai kuma hukumar tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta, wadda aka fi sani da Legal Aid. An kafa ta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, kuma tana da ofis a manyan biranen jihohi. Da can ƙarfinta ya fi karkata ga shari'ar laifi, amma dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta a ɓangaren ƙarar neman haƙƙi. Ma'aunin da ta sa shi ne kada abin da mutum ke samu ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Da wannan ma'auni, mafi yawan manoman Moriki da 'yan tireda na Kaura Namoda sun cancanta. Dokar ta ma ɗora wa manyan lauyoyi nauyi: mai neman muƙamin SAN sai ya nuna ya yi shari'o'i kyauta aƙalla uku a shekarar da ta gabaci nemansa.

To amma a duba ma'aunin da kyau. Albashi na ɗan Adam ne. Rantsuwar cewa ba ni da abin da zan ci in na biya, ita ma ɗan Adam ke yin ta. An yanka wannan riga ne daidai jikin mutum ɗaya, alhali mu nan da wuya mutum ɗaya ya tunkari babban al'amari shi kaɗai. Ƙungiya muke yi: ta manoma, ta mahauta, ta masu sayar da hatsi a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ta matan da ke adashi, ta mutanen ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa suka dawo gari.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Amurka an yi wata shari'a da ta kai har Kotun Ƙoli a 1993, wadda ake kira shari'ar Rowland. Ƙungiyar fursunoni ce a wani gidan yari na jihar Kalifoniya ta kai ƙara saboda an daina ba fursunoni marasa hali taba kyauta. Ƙungiyar ta nemi a yafe mata kuɗin ƙara, tunda hukumar gidan yarin ba ta yarda ta riƙe asusu ba. Wa ya fi fursuna talauci? Duk da haka alƙalai biyar cikin tara suka ce dokar yafiya ta ɗan Adam ce kawai, ba ta ƙungiya ba, suka kuma tuna cewa kamfani ko ƙungiya ba ta bayyana a kotunan tarayyar ƙasar sai ta bakin lauya. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure kotun Gusau, amma tushen shari'ar tasu da tamu duk daga Ingila ne, tunanin kuma ya yi kama. Shawarata ga kowace ƙungiya: kada ta gina shirinta a kan za a yafe mata.

Kafin ma a kai ga kuɗi, sai ƙungiya ta zama wani abu a idon doka. Kotu ta san mutum mai rai, ta kuma san abin da doka ta ba matsayin mutum, kamar kamfani mai rajista. Abin da ba ya cikin biyun nan ba ya ƙara da sunansa, ba a kuma ƙararsa. Wanda yake ganin ƙauyawa kaɗai wannan tarko ke kamawa, ya ji wannan: a 1989, a shari'ar da Gani Fawehinmi ya yi da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, Kotun Ƙoli ta ce ƙungiyar lauyoyin kanta ba ta da matsayin da za a yi ƙararta da sunanta. Idan kura ta faɗa wannan rami, ina ga akuya?

Ga ƙungiyar gari, ko ta masallaci, ko ta taimakon marayu, hanyar ita ce rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni da aka sabunta a 2020. Ana zaɓen amintattu, a rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jarida ko akwai mai ja, sannan a ba da takarda. Daga ranar, da sunan amintattun ake shiga kotu, kuma sai an rubuta sunan daidai yadda yake a takardar. Ga manoma da 'yan kasuwa kuwa, rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin jiha ta fi sauƙi da arha, ita ma tana ba ƙungiya ikon yin ƙara da mallakar kadara, sai dai rigimar cikin gida tsakanin 'ya'yanta takan fara ne daga teburin daraktan ƙungiyoyin gama-kai kafin kotu. A kula kuma: rajistar sunan kasuwanci kawai, irin wadda masu shaguna ke yi don buɗe asusun banki, ba ta mai da shago mutum. Mai shagon ne dai mai shari'a.

Rajista tana zuwa da nata nauyin. Da zarar ƙungiya ta zama mutum a idon doka, ta rabu da shugabanta. Shi daban, ita daban. A Babbar Kotu, mutum yana da damar tsayawa ya yi wa kansa magana, amma ba ya yi wa wani aikin lauya, kuma ƙungiyar nan "wani" ce. Shugaba zai iya zuwa ya wakilce ta da jikinsa, ya ba da shaida, amma tsara takardu da jayayyar doka aikin wanda sunansa ke cikin kundin lauyoyi ne. Kotuna ba sa wasa da wannan. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya, ta sake jaddada haka a 2012. Saboda haka duk takardar da aka shirya muku, ku duba sunan lauyan da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi. Masu zama a gindin bishiyar bakin kotu suna cewa "kawo in rubuta maka" suna da ranarsu a wajen wasiƙa, ba a nan ba.

Dattawan nan uku fa, da ba su da ko ɗaya daga cikin takardun? Ba a rufe musu hanya ba. Doka ta yarda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su yi ƙara da sunayensu, a madadin kansu da sauran waɗanda abin ya shafa, muddin buƙatarsu ɗaya ce. Abin da ake so shi ne shaidar cewa sauran sun wakilta su, kuma a nan ne littafin nan na cikin leda yake da daraja: sunaye, abin da kowa ya zuba, sa hannu ko dangwale. Tunda kuma mutane ne ke ƙarar, ba ƙungiya ba, maganar rashin hali tana da wurin shiga.

Kotun shari'ar Musulunci ta fi kusa da su, ta kuma fi sauƙi. Tun da Zamfara ta fara aiki da sabon tsarin kotunan shari'a a Janairun 2000, nan mafi yawan jama'a ke kai kukansu, da Hausa, ba sai da lauya ba. Fiƙihun Malikiyya ya san wakilci tun fil azal, littafin Tuhfa na Ibn Asim da alƙalanmu ke karantawa ya ware masa babi. Masu haƙƙi sai su naɗa wakili a gaban alƙali ko a gaban shaidu, a fayyace iyakar abin da aka wakilta shi: jayayya kawai, ko har da sulhu da karɓar kuɗi. Wannan fayyacewa ita ake yawan tsallakewa, daga baya a zo ana rigima da wakilin da ya yafe rabin bashi ba da yawun kowa ba. Lauya ma yana iya shiga. Da can an hana lauyoyi bayyana a kotunan alƙalai, amma bayan tsarin mulkin 1979 manyan kotuna suka ce hanin ya saɓa wa 'yancin mutum na samun mai kare shi.

In kuwa maganar tauye haƙƙin ɗan Adam ce, kamar tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, akwai ƙa'idojin 2009 da Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Idris Legbo Kutigi, ya sa wa hannu. Sun ba ƙungiyoyi da 'yan'uwa damar shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta, sun kuma hana a kori ƙara da hujjar wai mai ƙarar ba shi abin ya shafa ba.

Gaskiyar magana, a arewacin Zamfara ba kuɗin rasit ne kaɗai ke korar talaka daga kotu ba. Hanya ce. Wanda zai taso daga Shinkafi ko Zurmi ya bi ta Kaura Namoda zuwa Gusau ya san abin da yake sa ransa a ciki, ga kuɗin mota, ga na shaidu, a je kuma a ce an ɗage zama. In aka ɗaukaka ƙara, tafiyar ta koma Sakkwato. A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar, mai shari'a ko ranar zamansa ba ya iya tambaya sai ya zo da ƙafarsa. Babu alƙalin da ke da ikon yafe wannan kuɗi. Shi ya sa ɗan abin da ake iya yafewar bai kamata ya zama sirri ba.

Ina roƙon Babban Jojin jiha da Alƙalin Alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na jihar su sa a rubuta jerin kuɗaɗen kotu da hanyar neman yafiya, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowane magatakarda daga Kaura Namoda har Shinkafi. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, a taronku na gaba ku ɗauko takardar rajistarku ku kai wa lauya ya duba ko kotu ta san ta, ku ware wani abu daga karo-karo ku ajiye da sunan shari'a, kuma duk kuɗin da zai fita daga hannunku a rubuta, a sa shaidu biyu.