Tsohon ɗan doka da ya gaji da ganin jini

A shekarar 2005 marubucin Amurka Cormac McCarthy (1933-2023) ya fitar da littafinsa No Country for Old Men, wanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan Non, ce pays n'est pas pour le vieil homme. Labarin ya faru a 1980, a kudancin jihar Tekzas, kusa da iyakar Meksiko, lokacin da fataucin miyagun ƙwayoyi yake ƙara ƙarfi a wannan yanki.

Wani mafarauci mai suna Moss ya iske gawarwakin masu fataucin ƙwaya a cikin daji, tare da jaka mai ɗauke da dala miliyan 2 da dubu 400. Ya ɗauka, ya gudu. Sai wani makashi, Chigurh, ya bi sawunsa. Amma wanda ya fi cancanta a duba cikin littafin shi ne Ed Tom Bell, sherif na gundumar Terrell.

Sherif ya bambanta da jandarma, wanda hukuma ke turowa daga nesa. Mutanen gunduma ne ke zaɓensa da ƙuri'a, ya san su, sun san iyayensa. Bell ya hau wannan muƙami yana da shekara 25. Yakan tuna magabatansa, waɗanda wasunsu ko bindiga ba su ratayawa, don girmansu ya isa ya raba faɗa. Yanzu kuwa yana tsintar gawarwaki a bakin hanya da cikin ɗakunan otal, kuma kullum sai an gama ɓarna yake isowa. Bai ceci Moss ba, bai ceci matar Moss ba, Chigurh kuwa bai taɓa kama shi ba.

Mai karatu zai iya cewa tsufa ne, ko tsoro. Littafin bai tsaya nan ba. Bell ya yarda tun farko cewa mai wannan aiki yana iya mutuwa a bakinsa. Abin da ya ƙi shi ne ya zama irin mutumin da zai iya fahimtar Chigurh, wanda ke jefa kwabo sama don yanke ran mutum. Ga kuma wani tsohon miki. A yaƙin duniya na biyu an ba shi lambar jarumtaka, alhali shi ya san da dare ya yi ya janye, ya bar abokansa sojoji a ƙarƙashin rusasshen gida. Shekaru masu yawa yana ɓoye wannan, sai wajen kawunsa Ellis, tsohon ɗan doka da harsashi ya naƙasa, ya iya buɗe baki. Hirar tsofaffin nan biyu ta fi duk harbe-harben littafin nauyi, domin Ellis ya nuna masa cewa ƙasar nan ta daɗe tana cin mutanenta, tun kafin a haife shi.

A 2007 ƴan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, suka mai da labarin fim, Tommy Lee Jones ya fito a matsayin Bell, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar 4 a 2008.

A ƙarshe Bell ya aje aiki, ya koma gida wurin matarsa Loretta. Ya yi mafarkin mahaifinsa bisa doki, cikin sanyi da duhu, ya wuce shi ɗauke da wuta a cikin ƙaho, zai je gaba ya hura ta ya jira shi. Daga nan ya farka.