Tasirin Kayan Koyarwa a Kan Ƙwazon Ɗaliban Hausa a Sakandare: Misali Daga Shango, Minna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa yawan littattafai kaɗai ba ya ɗaga ƙwazon ɗalibi, sai in an tsara su daidai da buƙatarsa. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977, wanda aka sabunta a 1981, ya tanadi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci baya ga harshensa na gado. Wannan ya tara ɗalibai iri biyu a aji guda.

2.0 Yanayin Aji a Shango

Shango unguwa ce a Minna, babban birnin Jihar Neja tun 1976, kuma mazaunin Hukumar NECO da aka kafa a 1999. A nan 'ya'yan Gbagyi da Nufawa suna zama benci ɗaya da 'ya'yan Hausawa. Da yawansu sun iya Hausar kasuwa, amma daidaitacciyar Hausa ake nema a jarrabawa.

3.0 Giɓin da ke Cikin Littattafai

Fitattun littattafai irin su Ruwan Bagaja (1934) da Magana Jari Ce an rubuta su ne domin mai jin Hausa. Ƙa'idojin rubutu ba sa nuna karin sauti ko tsawon wasali. Bahaushe yana bambanta "gari" na mutane da "gari" na tuwo, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ba tare da wahala ba. Wanda ba Bahaushe ba kuwa, takarda ba ta ba shi wannan haske. Haka nan Nufanci da harshen Gbagyi ba sa rarrabe jinsi a nahawu, don haka "ya" da "ta" sukan rikice wa ɗalibi, ya yi asarar maki a insha'i alhali ya fahimci tambaya.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, ya kamata a samar da littattafan Hausa a matsayin harshe na biyu masu alamun karin sauti, da muryoyin da aka naɗa domin sauraro, da darussan jinsi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) ya dace da kowane ɗakin karatu. Rashin waɗannan kayan, ba rashin basira ba, shi ne ya kamata a fara bincika idan ɗalibi ya faɗi.