Furen narsis: sai ya sha sanyi yake fure

Duk wanda ya taɓa zama a Faransa ko Beljiyam a watan Maris ya san wani fure mai ruwan ɗorawa da ke cika lambuna da gefen hanyoyi. Faransawa na ce masa jonquille ko narcisse. Asalinsa ƙasashen yammacin Bahar Rum ne, musamman Sifaniya, Fotugal da Maroko. A garin Gérardmer da ke gabashin Faransa, tun 1935 ake yi masa biki.

Masu lambu ba iri suke shukawa ba. Wani kai ne mai kama da albasa ake binnewa, tsakanin Satumba da Nuwamba. Zurfin ramin ya kai ninki uku na tsayin kan, wato kimanin santimita 15, tsinin yana kallon sama. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakani, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, don laima na ruɓar da shi.

Sirrin furen shi ne sanyi. Yawancin nau'o'insa na buƙatar mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai wuce digiri 9 ba kafin su yi fure. Shi ya sa wanda ya ɗauko kan daga Turai ya binne a Marwa ko Njamena zai iya ƙarewa da ganye kawai. Nau'in Narcissus papyraceus, mai farin fure da ƙamshi sosai, ba ya buƙatar wannan dogon sanyi, har cikin tukunya yana yi. Masu son ƙamshi kuma na neman Narcissus poeticus, wanda ake tsinka a tsaunukan Aubrac domin haɗa turare.

Idan furen ya bushe, kada a yanke ganyen sai bayan mako shida. Ta ganyen ne kan yake tara abincin furen baɗi.

Sai dai a yi hattara: duk jikin tsiron na da guba, musamman kan, wanda ke sa amai da gudawa. An sha samun waɗanda suka ɗauke shi albasa ce suka zuba a miya. Bambancin kuwa a hanci yake, domin shi ba ya warin albasa. Kada a ajiye shi a madafa, kuma a nisanta shi da yara da dabbobi.