Kayan Sauti A Rufaffen Kabet: Ki Ba Su Iska, Ki Sa Ido Kan Rimot

Idan kika shiga ɗakunan mata a ƙasar Makoda, daga Koguna zuwa ƙauyukan da ke kewaye, sau da yawa za ki tarar da rediyo, dikoda da akwatin sifika an jera su cikin kabet ko shogilas, an ja ƙofa an rufe, wani lokacin har da ɗan kwaɗo. A kansu kuma an shimfiɗa ƙyalle mai ado. Ba wanda zai ga laifin mai ɗakin. Da yawan kayan nan na jere ne, iyaye sun sha fama kafin su haɗa su. Gidajenmu kuma a tsakiyar gonaki suke: da kaka ƙaiƙayin sussuka ya shigo har ƙuryar ɗaki, yana wucewa hunturu ya ɗora da tasa ƙurar daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ga ɗa mai rarrafe wanda duk wayar da ya gani sai ya ja ta. Saboda haka ba zan ce ki bar kabet a hangame ba, rufewar daidai ce. Sai dai rufaffen kabet yana zuwa da matsala biyu: zafi yana taruwa a ciki, rimot kuma ya daina jin magana.

Mu fara da zafin, don shi ne ke cin kuɗi a ɓoye. Duk wutar da na'ura ta sha, in ban da ɗan abin da ya zama sauti, zafi take komawa. Wanda ya fi kowa fitar da shi shi ne amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Shi ya sa za ki ga an yi masa ƴan tsage-tsage a sama da gefe. Waɗannan tsage-tsagen ne hancinsa. A asibiti, idan aka kawo yaro da zazzaɓi an nannaɗe shi cikin zani uku da bargo, abu na farko da muke yi shi ne mu rage masa kaya, don jiki ba ya huce wa in ba shi da hanyar fitar da zafi. Ƙyallen adon da kika rufa wa amfilifaya, bargon nan ne.

Ki tuna kuma inda muke. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Idan ɗakinki rufin kwano ne ba silin, cikinsa da azahar ya fi na soro zafi nesa ba kusa ba. To cikin kabet ya fi ɗakin ma zafi, tunda iskar da na'urar ta ɗumama ita ce take sake shaƙa. Masu gyaran lantarki suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi game da kafasita, wasu ƴan gwangwanaye da ke cikin kusan kowace na'ura: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kusan rabin tsawon rayuwarsu. Abin ba ya nunawa rana ɗaya. Sai ki ji sauti ya fara gurnani, ko rediyon ya riƙa ɗaukewa da kansa ana tsaka da sauraron tafsiri ko wani shiri a Freedom Radio, ko dikoda ta daskare a kan hoto ɗaya. Sai a ce kayan yanzu ba ƙarko, alhali dafa su aka yi a hankali.

Gwajin ba shi da wuya. Ki kunna kayan ƙofa a rufe na awa ɗaya, sannan ki buɗe ki ɗora bayan hannunki a saman akwatin, kamar yadda kike taɓa goshin yaro. Ɗumi ba komai ba ne. In kuwa ba za ki iya barin hannun a kai ba, ko kika ji ƙaurin roba, to kabet ɗin na buƙatar kafinta.

Abin da za ki gaya wa kafintan kaɗan ne, amma ki tsaya a kansa, don wasu rami ɗaya za su huda na waya su ce an gama. Iska mai zafi sama take yi. Saboda haka hanya biyu ake so a allon baya: ɗaya a ƙasa inda iska mai sanyi za ta shiga, ɗaya a can sama inda mai zafi za ta fita. Kowace ta kai faɗin tafin hannu ko fiye. A lulluɓe su da raga irin ta taga, a buga ta sosai, in ba haka ba kin buɗe wa ɓera, kyankyaso da tsaka ƙofar gida mai ɗumi, ɓera kuwa ba ya raina wayar wuta. Sannan ki janye kabet ɗin daga bango kamar faɗin hannu, don ramin da ya manne da bango daidai yake da babu. A ciki kuma kada ki ɗora dikoda a kan amfilifaya. Kowanne da hawansa, amfilifaya a hawan da ya fi sarari a samansa.

Idan bayan haka har yanzu akwai zafi, sai a ƙara ƴar fanka. Akwai ƙananan fankoki irin na cikin kwamfuta, wasunsu da bakin USB suke aiki, ba su cin wutar kirki, don haka ko sola kike amfani da ita ba za ki ji nauyinsu ba. A ɗaura ta a ramin sama tana hura iska waje, ba ciki ba. In kika jona ta a bakin USB na dikoda ko talabijin, a yawancin na'urori za ta tashi tare da su ta tsaya tare da su. Abu ɗaya: fanka na jawo ƙura, don haka da hunturu ki riƙa goge ragar da busasshen buroshi duk mako.

Batirin sola da inbata kuwa, ba su da wuri a cikin kabet ɗin nan ko kaɗan, komai kyan da hakan zai yi wa ɗaki. Batir mai ruwa yana fitar da wata iska mai kama wuta lokacin da yake caji, kuma ba ta da wari balle ki ankara. Wurinsa inda iska ke kaɗawa, nesa da hannun yara.

Yanzu rimot. Yawancin rimot da wani haske suke aika saƙo, wanda idon mutum ba ya gani. In kina son ki tabbatar, ki saita bakinsa ga kyamarar wayarki ki danna, a wayoyi da yawa za ki ga yana ƙyaftawa. Tunda haske ne, yana ratsa farin gilashi amma ba ya ratsa katako, gilashi mai duhu kuma yana rage masa ƙarfi. Wannan ne ya sa mai shogilas ba ta cika kuka da rimot ba, mai ƙofar katako kuwa kullum sai ta tashi ta buɗe, daga nan a manta a bar ta a buɗe, ƙura da yaro su samu abin da suke so. Mafita mafi sauƙi ita ce kafinta ya yanke ɗan fili a ƙofar daidai saitin idon na'urar, ya sa gilashi ko raga. Raga ta fi, don jifa ɗaya ne tsuntsu biyu: saƙo ya shiga, iska ma ta shiga. Akwai kuma ɗan ido mai doguwar waya da ake liƙawa a wajen kabet, ya karɓi saƙon rimot ya miƙa shi ciki. Wasu ƙananan dikoda ma da shi suke zuwa a kwali. Ki sa maigida ya tambayi masu kayan lantarki in ya shiga Sabon Gari.

Idan na'urarki na da Bluetooth, katako ba ya tare shi, yana kai kimanin mita 10, kina tsakar gida kina tankaɗe ki sauya karatu ko waƙa da wayarki. Kabet na ƙarfe kuwa yana rage masa zango. Sai dai ki riƙa tunawa kin haɗa, don saƙon muryar da yayarki ta turo ta WhatsApp a kan maganar gidan miji zai iya tashi a falo, uwar miji na zaune.

Su kansu sifikun a waje ya kamata su zauna, ko bayan raga. In suna bayan ƙofa sautin yakan dushe, sai a ƙure murya, amfilifaya ya ƙara zafi, kunnen yara kuma ya biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin sauraro marar cutarwa a desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. Ba sai kin mallaki ma'auni ba: in sai kin ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ke ya ji ki, ƙarar ta yi yawa. Kashewa da rimot kuma ba kashewa ba ce gaba ɗaya, na'urar na nan tana shan wuta kaɗan-kaɗan. A sa makunni a wajen kabet, can sama, ki kashe shi in za ki kwanta ko za ki unguwa. In Allah ya kiyaye hayaƙi ya tashi, wutar za ki fara yankewa, kada ki watsa ruwa tana jone.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne ɗan siririn rimot ɗin nan da ke zuwa da sifikun zamani. Mun kulle kabet da kwaɗo, shi kuwa yana kan katifa, har miƙa wa yaro ake yi don ya yi shiru. A cikinsa akwai batir mai faɗi kamar kwabo, yana sheƙi. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yawu na haɗuwa da wutarsa ya fara ƙona nama, cikin awa 2 ya iya yin mummunan rauni. Wanda ya mutu ya daina aiki a rimot ma yana ƙonawa. Alamunsa na ruɗarwa: dalalar yawu, ƙin abinci, amai, tari, sai a ɗauka mura ce.

In kika ga murfin rimot a buɗe ba batir, ko kina zargi kawai, kada ki jira alama. Kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara. Ku nufi babban asibiti mafi kusa, mu nan na Dambatta, ki faɗa musu a fili cewa batir kike zargi, ki tafi da rimot ɗin don a ga girmansa. Hoton ƙirji yana nuna shi, cirewa kuma sai inda ake da kayan zura na'ura ta baki, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan yaron ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya, likitocin guba sun yarda a ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10 a kan hanya, kada ya wuce sau 6, don tana rage ƙunar kafin a isa. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma sam. Kuma kada neman zumar ya jinkirta tafiya.

Yau ɗin nan ki nannaɗe murfin rimot da salatif mai ƙarfi, ki ware masa wuri a saman kabet inda yaro ko ya taka kujera ba zai kai ba. Tsohon batir kuma kada ya shiga sharar tsakar gida. Ki naɗe shi da salatif, ki jefa a kwalba mai murfi, ki ajiye ta can sama tare da magunguna.